Mai-turin Zare da Hannun Yayanki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Saratu, a gidan gwaggonki, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, ke da injinki, Ya kuma tsare ki inda kike kamar yadda Ya tsare ki bisa hanyar nan da ba mai hawanta yanzu sai da addu'a a baki. Ki gaida gwaggonki da maigidanta. Innarku na gaishe ki. Ba za ni cika ki da labarin Sabon Birni ba, kin san shi, bai sake ba.

Hotuna ukun da kika turo sun shigo wayar maƙwabcinmu Malam Ummaru mai goro, ya kawo mini na duba. Kin ce in taya ki zaɓe, tunda na tsufa cikin baƙin mai da gyaran injin niƙa. Na so in kira ki, amma kin san wayar nan, rabin magana take kaiwa ta haɗiye rabi, ni kuwa maganar da ke bakina ba ta rabi ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Watannin da kika yi gida na sha zama gaban injin nan naki mai narka zaren roba yana gina abu sahu bisa sahu, har na fara gane halinsa. Abin da kike son sayen, kin ce sunansa estiruda. Harshena bai iya ɗaukarsa, ni dai mai-turi nake ce masa, don aikinsa ke nan: ya cafke zare da haƙora ya cusa shi cikin bakin nan mai zafi. In ya tura daidai, sahu ya kama sahu. In ya zame ko ya yi rowa, abu zai fito kyakkyawa a ido, cikinsa kuwa duk iska ce. Wannan na gane, sauran ilimin naki ne.

Kafin in shiga zancen ƙarfe, ki san abin da ke kan wannan zaɓe. Tun ranar da mutanen daji suka same shi a gonarmu ta wajen Gatawa ya ƙi sakin igiyar shanun huɗa, yayanki ba shi da komai a hannun dama sai babban yatsa da rabin tafi. Kin yi masa hannun roba na farko, ya karye. Yanzu ya faɗa mini da bakinsa cewa zai jira na biyu har gero ya shiga rumbu. In bai zo ba, ko ya zo ya sake karyewa, zai bi 'yan sa-kai daji. Mutum mai hannun hagu kaɗai, da bindigar maƙera. Kin ga yadda ake dawo da masu hannu biyu ma, bisa amalanke, an rufa musu tabarma. Ina jin tsoro, Saratu, ba za ni ɓoye miki ba. Gero kuwa ya riga ya fitar da kai.

To, ga abin da na sani, kuma duk da kuskure na san shi.

Shekarar da na fara noman rani a fadama, na sayi injin ban-ruwa. Gaɓar gulbi na da tsawo, ni kuma ina ƙyuyar sauka da shi kullum in hau da shi. Sai na ajiye shi can sama ƙarƙashin wata tsamiya, na haɗa tiyo da tiyo har ya kai ruwa. Ina ta jin daɗin wayona. Inji ya tashi, yana kuka kamar zai tsage, tiyo ya shanye cikinsa ya lanƙwashe, ruwa na zuwa ɗis-ɗis. Maimakon in sauko da shi, sai na ƙara masa wuta. Na ɗaure mahaɗin da roba, na toshe da sabulu, na zagi wanda ya sayar mini. Albasa ta yi ja ta kwanta ina kallo. Ranar da na haƙura na saɓa shi na kai bakin ruwa, nan take ya cika fangali, amma babu sauran abin shayarwa.

Na tuna wannan ne da na ga hoto na farko, mai-turin da ke zama a gefen inji yana tura zare ta cikin dogon siririn tiyo kafin ya kai baki. Irinsa ne kike da shi a da. Da zare mai tauri yana tafiya, ban musa ba. Amma ke kika nuna mini ɗayan zaren, mai laushin nan kamar jiƙaƙƙiyar igiyar fata, kika ce da shi ake yin gaɓoɓin yatsu da kan yatsu don su kama abu kada ya sulɓe. Na ga ranar da kika sa shi. Ya shiga tiyo ya yi ta murɗewa, ya fito ta gefe ya cukurkuɗe, kika zauna kina tsinto shi da allura idonki cike da hawaye, kina cewa hayaƙi ne. Babu hayaƙi a ɗakin. Abu mai laushi ba a tura shi daga nesa. Ki bar wannan hoton, ki duba biyun da ke zama bisa kan injin mai kai-komo, dab da bakin zafi. Kin ce suna ƙara wa kan nauyi, in yana gudu sai ya riƙa girgiza aiki. To ki rage masa gudu. In hannu zai ci yini biyu maimakon ɗaya, ya ci.

Kuskure na biyu ya fi na farko ba ni kunya, don wancan albasata na kashe, wannan kuwa mutane na ɓata wa. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi ya kawo mini fulin injin niƙa, wanda bel ke hawa. Yana ƙyalli, an shafe shi da jan fenti, ba nauyi. Na ce wannan ai na zamani ne. Na cire tsohon nawa na baƙin ƙarfe da bai taɓa yi mini laifi ba, na ɗaura sabo. Bayan ɗan lokaci gari ya fara fita da tsaki-tsaki. Na canza bel. Na wasa faranti. Na kwance inji na wanke. Daga ƙarshe na juya kan matan unguwa, na ce su ke kawo mini jiƙaƙƙen hatsi. Har wata tsohuwa, sa'ar innata, na mayar wa kwanonta na ce ta je ta shanya. Ta dube ni ta ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nika surfe." Ta ɗauki kwanonta, ba ta sake dawowa ba, ta kuma tafi da rabin unguwa. Ashe fulin ne ya tsage ta ciki, tsaga kamar gashi, inda fenti ya rufe. Yana juyawa a ido, amma yana zamewa bisa sandarsa.

Ke ma kin gado ni a nan, kada ki yi dariya. Da hannun farko ya karye, kin zargi awonki, kin zargi zare, kin ce damina ce ta sa ya sha danshi, kin ce batirin sola ne. Sai da kika gaji kika kwance tsohon mai-turin kika juya shi, kika ga hannunsa na roba, wanda ke danna zare jikin haƙora, ya tsage ta ƙasa wajen noti. Ke kika gano, ba ni ba. Don haka na yi mamaki da na ga hoto na biyu, ja ne, kyakkyawa, amma da na sa Malam Ummaru ya buɗa hoton na ga hannun nan mai danna zare na roba ne. Zafin ƙasarmu ba ya barin roba mai ɗauke da matsi. Bokiti ma in ya kwana biyu a rana tsagewa yake. Kada ja ya ruɗe ki kamar yadda ya ruɗi ubanki.

Saura na uku, mummunan nan mai launin toka. Shi nake so. Jikinsa ƙarfe ne, kuma na lura 'yan tayoyinsa biyu duk masu haƙora ne, suna kama zare ta gefe biyu. Sauran, ɗaya ke da haƙori ɗayan sumul, rakiya kawai yake yi. Wanda ya taɓa jan guga da hannu ɗaya ya san bambancin, kuma a gidanmu yanzu akwai wanda ya sani. Amma kada ki saya don na ce. Ki riƙe shi a hannu, ki duba ratar da ke tsakanin haƙoran da ramin da zare ke shiga. In akwai fili, zare mai laushi zai sami wurin gudu. Ki tambayi mai kayan ko zai hau kan injinki ba sai an yi masa dabara ba, ki kuma tambaye shi ko yana da haƙoran canji. In ya fara kame-kame, ki bar shagon. Kin san injin nan da ke zaure wanda kaji ke ƙwai a cikinsa. Lafiyarsa lau, ƙaramin abu ɗaya ya mutu, na neme shi har Shinkafi da Gusau ban samu ba.

Idan kin saya, ga wani wurin da na faɗi. Bayan na gano tsagar fuli na mayar da tsohon, sai tsoron zamewa ya kama ni. Na ja bel na ɗaure shi tam, har in ka taɓa shi yana kiɗa. Na ce yanzu in ga ta inda za ka zame. Bai zame ba. Boris ɗin da sanda ke juyawa cikinsa ne ya ƙone, ya ci sanda, na rufe shago ana tsakiyar azumi, lokacin da kowa ke neman niƙan kunu. Wanda abu ya taɓa kuɓuce masa, matsewa yake yi fiye da kima. Mai-turin naki yana da sifirin, nannaɗaɗɗiyar wayar nan, da noti na matse zare. Za ki ji hannunki na son ƙara juyi, saboda abin da ya faru. Ki tsaya. Ki ciro zaren ki duba: sawun haƙori kaɗan ya isa. In kin ga garin roba ya cika haƙoran, ya daina turi ya koma ci, ki sassauta ki goge. Kuma sabon mai-turi ba ya awo irin na tsoho. Ki yi abin nan da na ga kina yi, ki sa alama jikin zare, ki ce masa ya ja kaza, ki auna ki ga ko abin da ya ja ke nan. Kada ki fara yatsa ko ɗaya kafin wannan ya daidaita.

Yanzu na zo kan wanda ya fi mini nauyi. Kina nan aka yi, amma kina cikin gida, kuma ba mu taɓa zancensa ni da ke ba.

Kin san tun da abin ya same shi yayanki ya daina fita cin tuwo a ƙofar gida. Mazan layinmu kowa na fito da kwanonsa bayan magariba a haɗu bisa tabarma, tun kakanninmu haka ake. Shi kuwa da wane hannu zai sa a kwanon mutane? Ba wanda zai ce masa komai, amma shi ya sani, su ma sun sani. A masallaci yakan fita kafin a shafa, don kada wani ya miƙo masa hannu. Yaron da in yana wuri ba a jin muryar kowa, ya koma cin abinci a ɗaki, fuska ga bango. Wannan ya fi ci mini rai fiye da yatsun.

Ranar da hannun farko ya fito kika ɗaura masa, ya lanƙwasa wuyan hannu yatsun roba suka rufe, na ga ya yi murmushi. Kaina ya tafi. Kika ce mini, "Baba, ka bari in gwada shi tukun, ban yarda da shi ba. Na ji inji na ƙwas-ƙwas sa'ad da shika yin yatsun." Na ce, "Wane gwaji kuma? Ga hannu ya yi hannu." Na sa innarku ta yanka zakara. Na bi gida-gida na ce yau kowa ya fito, ɗana zai ci tuwo da mu. Shi kansa bai so ba, ni na tsaya bakin ɗakinsa na ce, "Tashi, kada ka ba ni kunya."

Ya fito da farar riga. Aka matsa masa wuri. Malam Ummaru, Allah Ya saka masa, ya tura kwano gabansa ya ce, "Bisimilla, Mamman, yau kai za ka buɗe muna." Kowa ya yi kamar ba ya kallo. Ya sa hannu ya danna don ya yanko loma. Na ji ƙarar, 'yar ƙarama ce, kamar an taka busasshen kara. Yatsu biyu suka rabu daidai kan sahu, suka tsaya a tsaye cikin tuwo. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi. Wani ya ce "Subhanallahi" a hankali. Malam Ummaru ya sa hannu ya cire su ya ɓoye ƙarƙashin tabarma, ya ce, "A ci, a ci, ba komi." Yayanki ya tashi ya shiga gida.

Na bi shi. Yana kwance igiyoyin da haƙori. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, abin da sunka yi mini cikin gona, mu huɗu munka sani, ni da su. Wanga kau unguwa duk ta gani." Washegari aka fara ganinsa wajen 'yan sa-kai masu bindiga a bakin kasuwa.

Mai-turi ne ya yi rowar roba, gaskiya ne. Amma mai-turi bai tara mutane ba. Da na saurare ki, da yatsun nan a hannunki za su karye, cikin ɗaki, ki yi tsaki ki sake wasu. Ɗokina ne ya kai shi gaban jama'a da abin da ba a gwada ba. Saboda haka ki ji wannan fiye da duk abin da na faɗa a sama. In kin ɗaura sabon mai-turi, kada hannun yayanki ya zama aikinsa na farko. Ki sa inji ya buga yatsa ɗaya ki karya shi da kanki, ki duba cikinsa. In ya rabu sumul kan sahu, ba ki gama ba. Ki sake, ki sake, har sai ya ƙi rabuwa sai dai ya lanƙwashe ya yi fari. In hannu ya fito, ki ba mijin gwaggonki, ƙato ne, ki ce ya yi masa mugunta. A ɗaga bokitin ruwa da shi. A bar shi a rana tsakar gida. A cusa shi cikin tuwo mai zafi daga tukunya, don kin taɓa ce mini wani zaren yana saki in ya ji zafi. Wanda ya tsira daga wannan, ki buga masa ɗan'uwa, ki turo su biyu. Kuma in na aiko ina gaggauta ki, don na san halina, za ni aiko, kada ki kula ni. Na fi son ya zo ana ɗaurin dami da ya zo gobe ya karye.

Kada ki kawo shi da kanki. Na san za ki ce sai kin ɗaura kin daidaita igiyoyi. Ki nuna wa direban nan ɗan Tozai da zai ba ki wannan takarda, yadda ake ɗaurawa, mutum ne mai hankali, shi zai nuna mini. Hannuna ya saba da noti, zai iya da igiya. Ɗa ɗaya nake ƙoƙarin hana shiga daji, ba za ni sa ɗiya bisa hanyar garin Isa ba. Kuma wannan karon ba zakara, ba gayya. Za ni kai masa ɗaki in ajiye in fito. Ranar da ya ga dama ya fita, ko da bayan shekara ne.

Na yi niyyar rufewa a nan, sai ga abin da ya faru yau da hantsi. Ina zaure ina wannan rubutu ya shigo ya tsaya kaina. Rabon da ya fara yi mini magana tun ranar nan. Ya ce, "Saratu kaka rubuta ma?" Na ce i. Ya ce, "Ɗauko zare. Awon da tay yi ya yi mini yawa yanzu." Ya naɗe hannun riga ya miƙo mini. Saratu, hannun nan da ke riƙe bijimi biyu, yanzu yatsuna biyu sun zagaye shi har da saura. Na karɓo zaren ɗinki wurin innarku na auna, shi ya riƙe mini bakin zaren da babban yatsansa. Da na gama ya sauke riga ya ce, "Ka ce mata kada ta yi sauri. Amma ka ce mata wanga shi ɗai za ni jira."

Zaren na cikin takardar nan, ki buɗe a hankali kada ya faɗi. Ƙulli na farko wuyan hannu ne, na biyu tsakiyar damtse na ƙasa inda abin ke zama, na uku faɗin abin da ya rage na tafi. Ki yi aiki da wannan, ki jefar da tsohon awon. Ki bar wurin matsewa a madaurin, don ban san yadda zai kai kaka ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya faɗa kan na ƙwarai. Allah Ya tsare ki fita da shiga, Ya tsare mai kawo wannan takarda har ya iso gare ki ya dawo, Ya tsare duk wanda ke bisa hanya. Allah Ya riƙe mini yayanki a gida har aikinki ya iso. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
daga Sabon Birni.